Haƙoran Orest Sun Fi Shi Daɗewa a Wasa

Ranar da Orest Danyluk ya rasu, maganar farko da matarsa Lesia ta yi wa mai shirya gawa ita ce, "Haƙoran nan da ke bakinsa ba nasa ba ne."

Mutumin siriri ne mai baƙar kwat, daga Yorkton ya zo, kuma kunnensa ya saba da maganganu iri-iri a gidajen rasuwa. Ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce, "Na lura, Mama. Na sawa ne. Ai yawancin dattawanmu haka suke."

"Ba ka gane ba, ɗana. Na wani ne. Na wani Bafaranshe ne ɗan Kebek, yana nan da ransa. Na mijina kuma suna wurinsa. Ba za a rufe akwatin nan ba sai an kawo su."

Mutumin ya dubi takalmansa, ya dubi agogon bango, ya ce za a iya jira zuwa Juma'a.

Da ɗan Verba ne, da bai yi mamaki ba, don a garinmu babu wanda bai san labarin ba. Orest tun yana yaro ƙato ne, har aka sa masa suna Rumbu, saboda in ya tsaya a tashar jirgin ƙasa kusa da rumbun alkama sai ka ce ɗa ne da ubansa. Kamar kowane ɗan gona a nan, kusan tare ya koyi tafiya da tsayuwa a kan takalmin ƙanƙara, a tafkin bayan coci in ya daskare. Sai dai shi Allah bai ba shi sauri ba. In ya tashi juyawa, sai an ba shi fili kamar motar girbi a ƙarshen gona. Don haka a wasan hoki na kan ƙanƙara aka ajiye shi a baya, gaban mai tsaron raga, aka ce masa aikinsa ɗaya ne, kada kowa ya wuce, kada komai ya wuce.

Orest ya ɗauki maganar da gaske. In an ɗirko faifan hoki, baƙar robar nan da sanyi ke mayarwa dutse, masu hankali kaucewa suke yi. Shi kwanciya yake a gabansa. Yana ɗan shekara goma sha shida ya tare wani da baki, haƙoransa huɗu na sama suka zube a kan ƙanƙara. Ya tsinci uku ya zuba a safar hannu ya ƙarasa wasan. Na huɗun har yau yana ƙasan tafkin.

Likitan haƙori a Yorkton ya yi masa wasu na sawa, huɗu a jere, farare tas, da 'yan wayoyi sirara masu kama na gefe. Sun fi waɗanda ya zubar kyau nesa ba kusa ba. Da su ya yi wa Lesia murmushi a wurin rawar kaka a zauren coci, ya taka mata ƙafa sau ba adadi, ita kuma ta koma gida tana ɗingishi tana jin daɗi.

Mahaifiyarta Paraska ba ta ji daɗi ba. 'Yar ƙaramar mace ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma ita ce sarauniyar matan da ke naɗe pirohi, ƙullin fulawar nan da ake cusa wa dankali, a ƙasan coci. In ta duba naɗinki ta ce bakinsa bai rufu ba, sai kin sake.

"Me kika gani a jikinsa?" in ji ta. "Mutumin da za a jefo dutse ya miƙa baki? Ubanki, Allah ya jiƙansa, da haƙoransa cif aka binne shi, kuma da su yake buɗe kwalba."

"Mama, yana da kirki."

"Saniyarmu ma tana da kirki."

Amma Orest ya yi ta zuwa yana fasa mata itace, yana share mata dusar ƙanƙara, yana cin duk abin da ta ajiye masa har ya suɗe kwano, sai ta sauko. Sharaɗinta ɗaya ne. A bangon falonta akwai hotunan auren dangi tun daga tsohuwar ƙasar da kakanninsu suka baro, kuma ta ce hoto shi ke saura bayan kowa ya mutu. Ba za ta rataya hoton surukin da bakinsa ke kama da ƙofar garke a buɗe ba. Aka sa biki bayan Ista, in an fita daga azumi.

Ana cikin haka wani mutum mai doguwar kwat ya zo kallon wasa, ya ga Orest ya kwanta a gaban faifai har sau uku bai mutu ba, ya ce akwai wata ƙungiya a wani garin narka ƙarfe a Amurka, ana ce musu Maƙera, suna neman irinsa. Biyansa za a riƙa yi. Ba a taɓa biyan ɗan Verba don ya yi wasa ba. Gari kaf ya fito tasha rakiya, Fada, limamin cocinmu, ya yayyafa wa sandunan hokinsa ruwan albarka, Lesia ta yi kuka. Paraska ta miƙa masa ƙunshin tsiran alade da burodi, ta ja kwalarsa har ya sunkuyo daidai tsawonta.

"Da huɗu ka tafi," ta ce. "Ka dawo mini da huɗu."

Bayan Kirsimeti ya tafi. Kafin ƙanƙarar tafki ta narke ya dawo. Iyakar aikinsa na ƙwararren ɗan wasa ke nan, kuma Lesia ta ji labarin watannin nan sau da yawa har tana iya faɗinsa tana wanke-wanke.

Maƙera ba su iya wasa ba. Kowa ya zo sai ya ci su, har waɗanda suka kwana a bas. Orest ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma 'yan gaban can ba irin na tafkin bayan coci ba ne. Kafin ya gama juyawa sun wuce, sun ci, sun rungumi juna, sun dawo. Da ya ga haka sai ya koma riƙe su da hannu, alƙalin wasa kuma ya yi ta tura shi ɗan akurkin nan da ake zaunar da masu laifi. Ya ce har sun saba da dattijon da ke buɗe ƙofar akurkin, yana zuwa masa da alewa.

A ɗakin canza kaya kuwa, rabin ƙungiyar ba su da haƙoran gaba. Kafin a fita wasa kowa zai zare nasa ya jefa a kofin takarda mai sunansa, ya ajiye a kan kanta saman kujerarsa, don kada a haɗiye su in an sha karo. Kusa da kujerar Orest akwai ta Gaetan Plourde, wani gajeren ɗan gaba mai surutu kamar rediyo, wanda ba ya iya ganin takalmin mutum bai zuba masa man aski a ciki ba. Shi ma huɗu na sama ya rasa, amma da aka zo yi masa na sawa sai ya ce a sa ɗaya na zinariya, wai 'yan mata suna so.

Ranar ƙarshe, ana kashi na biyu na wasa, aka ɗirko faifai, Orest ya tashi kwanciya a gabansa, ya makara. Faifan ya bugi ɗuwawunsa ya karkata ya shige ragarsu. Wannan shi ne karo ɗaya tak da ya sa faifai a raga a wasan kuɗi. Da aka shigo hutu koci ya kira shi gefe, bai ma ɗaga murya ba.

"Rumbu, kai yaron kirki ne. Akwai bas mai zuwa arewa da yammacin nan."

Kunya ta hana shi jiran a tashi wasa. Abokansa na komawa fili ya tuɓe kayan wasa, ya juye abin da ke cikin kofinsa a hankici ya cusa a aljihu, ya ɗauki jaka ya fice. Bai san cewa ranar Gaetan ya laɓaɓa kafin wasa ya musanya haƙoran mutane ba, yana jiran a tashi ya sha dariya. A hanya kuma babu abin da zai yi wa murmushi, don haka bai buɗe hankicin ba sai da ya canza zuwa jirgin ƙasa, ya hango rumbun alkamar Verba. Ya tura su a baki ya ji sun ƙi zama. Ya dubi gilashin taga ya ga wani abu yana walƙiya.

Lesia da Paraska suna tasha. Ya sauko bakinsa a rufe gam, ya gaishe su da ka.

"Buɗe," in ji Paraska.

Ya buɗe. Rana ta sauka a kan zinariyar.

"Na ce ka dawo da huɗu."

"Huɗu ne, Mama. Ki ƙirga."

Maganar ta fito da wani siririn fito, don haƙoran sun yi masa kaɗan, iska na bi ta gefe. Karen mai kula da tasha ya taso a guje. Orest ya juya zai ce, "Lesia, ki yi haƙuri," haƙoran suka faɗo, ya cafe su a iska. Paraska ta ce da haka yake tare faifai da ba a koro shi ba.

Lesia ce ta buga waya da kanta, a kantin haɗin gwiwa, rabin gari na tsaye suna yin kamar gishiri suka zo saya. Aka daɗe kafin a samo Gaetan.

"Amaryarmu!" ya ce. "Rumbu ya cika mana kunne da labarinki. Yaya yake? Ya yi kyau da zinariyata?"

"Ni ba amaryarku ba ce. Ka sa haƙoran Orest a gidan waya gobe, mu ma mu aiko maka da naka."

"Kash. Amarya, da tun farko kika kira. Yanzu ba zai yiwu ba."

"Sun karye?"

"Allah ya kiyaye! Suna nan lafiya lau, a kofina. Ki saurara. Rumbu na fita muka ci wasan nan. Mu, Maƙera! Na dawo na tarar da haƙoransa a kofina, na gwada, kamar na doki, na mayar na bar su a kan kanta. Wasa na gaba muka sake ci. Na gaba ma haka. Yanzu ba a canza komai. Mai tsaron ragarmu ya daina wanke safa, in kin shigo ɗakin idonki sai ya yi ruwa. Koci kifi ɗaya yake ci kullum a kujera ɗaya. Kuma kowa sai ya ɗan taɓa kofin nan da safar hannu kafin ya fita. Koci ya ce duk wanda ya gusar da shi zai bi Rumbu a bas."

"To kai da me kake cin abinci?"

"Miya, amarya. Miya zalla. Kin ga ni ma sadaukarwa nake yi. Ranar da aka fitar da mu daga gasa, wallahi da hannuna zan kai su gidan waya."

Ta ajiye wayar tana huci. Ta juyo ta ga maza a kantin suna gyaɗa kai, wai ai gaskiyar Bafaranshen ne, ba a taɓa abu in ana cin wasa. Abin da ya fi ba ta haushi, Orest ma yana cikin masu gyaɗa kan.

Haka aka shiga azumi. Ran Lahadi su biyun za su tsaya kafaɗa da kafaɗa a coci, kowa ya kunna kyandir ɗinsa, ita tana roƙon Allah ya sa a lallasa Maƙera, shi yana roƙon Allah ya ba su nasara. Da alama nasa kyandir ɗin ya fi tsawo. Kullum da safe zai je wurin mai kula da tasha ya ji sakamako, ya dawo yana fito. Sau ɗaya aka ci su, Lesia ta ruga kanti ta buga waya, Gaetan ya ce wannan ba ya cikin lissafi, wani sabon zuwa ne ya manta bai taɓa kofin ba, kuma an riga an yi masa faɗa.

Biki ya matso. Paraska ta ce in babu haƙora babu aure. Lesia ta sami Orest a garke yana ba shanu ciyawa, ta ce, "Tashi mu je Yorkton a yi maka sababbi. Me ya yi zafi?"

Ya ƙi. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta ce to ya zaɓa, ita ko kofin takarda. Ya jingina cokalin ciyawar ya zauna a kan bokiti.

"Lesia," ya ce, fiton nan ya fita a tsakiyar sunanta. "Gari kaf ya raka ni tasha. Hunturu ɗaya ban cika ba aka koro ni. Amma haƙorana suna ɗakin can, ana taɓa su kafin a fita. Muddin suna can, ban gama ba. In na yi sababbi, shi ke nan, na zama wanda faifai ya buga a ɗuwawu."

Ta miƙa hannu, ya zare haƙoran ya ba ta, ta naɗe a gefen gyalenta ta kai wa Kawu Metro, ƙanen mahaifiyarta mai gyaran injinan noma. Ya sa tabarau, ya ɗauki filaya, ya lanƙwasa wayoyin nan ya buɗa su, ya ɗan goga gefe da zarto. Suka zauna daram. Fiton ne kawai ya ce ba shi da maganinsa.

Paraska ta yi kwana biyu ba ta yi wa kowa magana ba. Amma an riga an yanka alade, mata sun naɗe pirohin da zai ciyar da gari biyu, kuma ita ba mai bari abinci ya lalace ba ce. Ta ce a yi auren, amma in an zo hoto ya rufe bakinsa kamar an ɗinke.

Ya rufe kuwa. Ya tsaya a matakalar coci cikin kwat ɗin da ta matse shi, fuska a murtuke kamar mai jiran hukunci. Mai hoto ya shige ƙarƙashin baƙin ƙyallensa. Daidai nan mai kula da tasha ya ɓullo a kan keke yana ihu, "Rumbu! Maƙera sun kai wasan ƙarshe!"

A hoton, Lesia tana kallon gefe, Paraska ta ɗaga hannu kamar za ta kai mari, Orest kuma bakinsa har kunne, da wani tauraro a tsakiyarsa. Paraska ta rataya shi a bango tare da sauran, amma ta soka reshen da Fada ya sa wa albarka a jikin katakon, ganyen ya sauko daidai bakin angon. Duk shekara sai ta canza reshen, har ta rasu.

Maƙera suka lashe gasar. Lesia ta buga waya. Gaetan ya ce haba amarya, yanzu da za a kare kambi? Baɗi.

Orest ya koma noman alkama. In sanyi ya shigo shi ke jan tiyo yana malala ruwa a filin wasan gari har ƙanƙarar ta yi sumul, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi. Gaetan kuwa ya yi sababbin haƙora tun tuni, amma kofin nan bai rabu da shi ba. Aka sayar da Gaetan ga wata ƙungiya, ya tafi da kofin. Aka sake sayar da shi, ya tafi da shi. Duk Kirsimeti sai ya bugo waya ya ba Orest labarin garuruwan da haƙoransa suka je, da otal ɗin da suka kwana. Orest zai je shagon shayi ya baje a kujera.

"Ni dai hunturu ɗaya ban cika ba," zai ce. "Amma haƙorana sun fi shekara goma suna wasa. Gasa biyu suka lashe. Sun taɓa shiga jirgin sama."

Kafin a ajiye wayar kuma Lesia za ta karɓa.

"Gaetan, haƙoran mijina."

"Baɗi, amarya."

Da ya daina wasa ya zama koci, ya ce 'yan wasansa na buƙata. Da ya daina wannan, ya ce jikansa ya fara. Gashin Lesia ya yi fari yana ce mata amarya. Ita kuma ta saba da fiton. In Orest ya kira ta daga bakin gona, kafin ta ji muryar ta ji shi. Duk karen da suka yi a gidan ya ɗauka sunansa Lesia.

A farkon sanyin bana aka sami Orest a filin wasa, zaune a kan benci ya riga ya cika, tiyo a hannunsa ruwa na ta zuba. Ƙanƙarar ta yi kyau sosai.

Bayan mai shirya gawa ya tafi da shi, Lesia ta zauna a kicin ta buga lambar.

"Amarya! Kirsimeti bai zo ba tukuna."

"Gaetan, Orest ya rasu. Babu baɗi."

Tun da ta san mutumin nan ba ta taɓa jin ya yi shiru ba. Can ya ce, "Ina zuwa."

Ran Alhamis da rana ya iso, bayan ya ɓata a hanya, wai ƙasar nan tamu babu tudu ko ɗaya da mutum zai riƙe a ka. Sai a ranar ta fara ganinsa ido da ido. Ɗan tsoho ne ƙanƙani da sanda, rungume da gwangwanin biskit. Suka shiga ɗakin da aka kwantar da Orest. Gaetan ya cire hula ya daɗe yana kallonsa.

"Har yanzu ya cika wuri," ya ce. "Ko a nan ba mai wuce shi."

Ya buɗe gwangwanin ya fito da kofin. Takardar ta yi ja don tsufa, an nannaɗe ta da salatif, gefe ɗaya ya yi baƙi saboda taɓawar hannuwa. Mai shirya gawa ya matso ya ce a hankali, "Mama, kin san dai baki a rufe zai kasance. Ba wanda zai gani."

"Ni na sani. Ciro na bakinsa."

Ya ciro ya kawo a ɗan faranti. Gaetan ya sa tabarau ya leƙa. Haƙoran sun cinye sun gajarce, zinariyar ta dushe, wayoyin Kawu Metro sun sha gyara, ga wani wuri da Orest ya liƙe da gam ɗin gyaran taya.

"Wayyo ni!" in ji Gaetan. "Me kuka yi wa haƙorana? Huɗa kuka yi da su?"

"Shekara hamsin suna cin burodina."

"Ashe burodin ne. Allah ya jiƙan Rumbu, ya yi haƙuri."

Dariya ta ƙwace mata, ta farko tun ranar, har sai da ta dafa akwatin. Sannan ta juye kofin a tafin hannunta. Ga su nan, huɗu a jere, farare tas, ko tabo babu. Shekara da shekaru tana neman su. Ta juya su, ta sake juyawa. Haƙoran wani saurayi ne da ya taka mata ƙafa a wurin rawa. Ba su taɓa cin abincinta ba. Ba su je aurenta ba. Ba su san sunan 'ya'yanta ba, kuma in aka sa masa su, ko da zai tashi ya kira ta, ba za ta gane shi ne ba.

Ta mayar da su kofin. Ta tura wa mai shirya gawa farantin.

"Mayar masa da na Bafaranshen."

Mutumin ya ɗauki farantin.

"Tsaya, tsaya," in ji Gaetan. "Nawa ne fa. Ƙasar nan kaf na ratso. Zinariyar gaske ce, amarya. Yaushe zan karɓi abina?"

"Baɗi, Gaetan."

Ya dube ta, ya dubi Orest, ya fashe da dariya har ta koma masa kuka, ya zauna a kujera yana share ido da hularsa. Da ya natsu sai ta ga hannunsa yana laɓaɓawa wajen kofin.

"To tunda ba a yi amfani da su ba, jikana yana da wasa ran Asabar..."

Ta buge hannun.

Ran Juma'a aka binne shi. Tsofaffin abokan wasansa suka jeru a ƙofar coci suna buga sanduna a ƙasa har akwatin ya wuce. Gaetan ya ci pirohi faranti uku, ya ce da ya san haka ake ci a Verba da tuni ya kawo haƙoran.

Da aka watse Lesia ba ta wuce gida ba. Ta bi ta filin wasa, ta shiga ɗakin canza kayan 'yan wasan gari, ɗakin da ke warin safa da roba, ta taka benci ta ɗora kofin a kan kanta ta sama, ta gyara masa zama. Ba ta yi wa kowa bayani ba, ba kuma wanda ya tambaya. Ran Asabar kowa ya taɓa shi kafin ya fita. Aka ci Verba ci mai muni. Mako na gaba ma aka ci su. Wani ya ce ko a mayar wa Bafaranshen, Lesia ta ce wanda ya gusar da shi zai gamu da ita. Yana nan har yanzu.

A gida kuwa akwai tsohuwar butar shayi mai fito in ta tafasa. 'Yarta ta sayo mata sabuwa ta lantarki wadda ba ta ƙara, tana nan a kwalinta. Kullum da safe in tsohuwar ta fara, ita da karen sukan ɗaga kai tare su dubi ƙofa. Takan bar ta ta ɗan jima kafin ta sauke.